Ɗaki na Takwas

Shekara arba'in da ɗoriya mutumin nan ya yi yana kiwon shanun yanka a fili guda, yadda ya tarar ubansa yana yi: a buɗe musu da safe su bazama inda suka ga dama, da yamma a koro su. Ana nan sai autarsa ta gama makarantar koyon aikin gona ta dawo gida. Ko jakarta ba ta gama kwancewa ba ta shiga filin, ta dubi gabas ta dubi yamma, ta ce, "Baba, shanunka ne ke kashe maka ciyawa."

Ya ce, "To wa kike so ya ci? Ni?"

Ta yi dariya, ta tsuguna ta nuna masa. Saniya, in ji ta, kwaɗayayya ce. Inda ta ɗanɗani ciyawa mai daɗi nan za ta koma gobe, ta koma jibi, toho na leƙowa tana datse shi, har saiwar ta gaji ta mutu. Wadda ba ta so kuwa sai ta ƙyale ta ta yi ta yaɗuwa. Magani shi ne a yanka filin kashi-kashi da waya, kowane kashi da ƙofarsa, a zuba shanun duka a guda su yi kwana huɗu, a matsa da su gaba, wanda suka bari ya huta kusan wata guda kafin a zagayo kansa. Ita ta fara kiran kashin nan ɗakuna, sunan kuwa ya bi su. Ƙa'idarta ɗaya ce tak: a shiga ciyawa tana gwiwa, a fita tana idon sawu.

Ya ƙi, ya ƙara ƙi, sannan ya yarda, domin auta ce, kuma tun tana goye bai taɓa iya ce mata a'a sau uku a jere ba. Maƙwabta suka samu abin dariya. Wai tsoho ya gina wa shanu ɗakuna, saura ya sayo musu katifa. Suka laƙa masa suna Mai Shinge. Damina biyu aka yi dariya ta ƙare, don kuwa lokacin da filayensu suka koma kamar an share, nasa yana nan kore shar, bijimansa da ƙyar suke ɗaga ƙafa don ƙiba. Daga nan fa Mai Shinge ya fi malamarsa zaƙewa. In tsautsayi ya sa ka tambaye shi lafiyar shanu, to nemi wurin zama, sai ka sha karatun gwiwa da idon sawu har ka manta inda za ka.

Ɗakunan takwas ne, amma bakwai ake kiwo. Na takwas yana can ƙarshen fili a kan gangare, jar ƙasa ce mai tauri da kofato ya daddale shekara da shekaru, ruwan sama ko tsayawa ba ya yi a kanta. Shi dai ya daɗe da sallama wurin. Auta ce ta ƙi. Ta haƙa ƙananan ramuka jere-jere a gicciyen gangaren, ta cika su da taki, ta zuba irin ciyawa da ta zo da shi a buhu, ta rufe da kara. Hannunta ya yi kanta, rana ta gasa mata fuska, uwarta tana ta faɗa wai an kai yarinya makaranta ta dawo tana tonon ƙasa kamar gafiya. Abin da ya fito shekarar farko ko akuya ba zai ƙosar ba. Ta sake zuba wani irin.

Ba ta tsaya ta ga abin da zai fito ba, don a tsakanin nan aka kira ta aiki a wata cibiyar bincike a babban birni, tafiyar yini biyu a mota. Na shekara biyu ne, in ji ta. In wa'adi ya cika za ta dawo ta karɓi kiwon, shi kuma ya samu inuwa ya zauna yana ba da umarni. Yayyenta uku duk sun watse tuni, babu mai son warin shanu a cikinsu. Saboda haka Mai Shinge ya riƙe maganar nan da hannu biyu.

Yana kewarta, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ranar sauya ɗaki abin ya fi cinsa. Da can ita ke tsayawa a bakin ƙofa ta buɗe ta yi kira, shi yana baya yana koro masu nawa. Yanzu shi ne gaba shi ne baya. Sai ya buɗe, ya zagaya da sassarfa ya koro, in ya ɗaga kai ya dubi ƙofa babu kowa a wurin sai dirka.

A farkon damina ta biyu da tafiyarta ta zo hutun kwana uku. Da suka isa na takwas ta tsaya cak. Gangaren nan da aka sallama ya rufe ruf da toho, tsawon ɗan yatsa, tun daga sama har ƙasa. Ta durƙusa ta shafa shi da tafin hannu, ta ce, "Baba, ka gani? Ka gani ko?" Ya ce ya gani. Gaskiya ita yake kallo, ba ciyawar ba.

Ran komawarta ya raka ta tasha. Ƙafarta ɗaya a kan matakin mota, direba na ta matsa ƙaho, ta juyo ta ce, "Baba, don Allah kar a buɗe musu na takwas sai na zo. So nake in ga shigarsu da idona. Sati uku kawai, zan dawo."

Ya ce, "An gama."

Ya koma gida bakinsa har kunne. Dama ya ƙara maruƙa goma sha biyu a garken bana, da zummar cewa na takwas zai shigo layi. Bakwai ɗin za su iya riƙe su sati uku, ba matsala. Kuma ga wani lissafi da bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa: wa'adin aikin nan a ƙarshen wannan damina zai cika. Ya san birni, ya san yadda yake riƙe 'ya'yan mutane. Amma in har yarinyar nan ta tsaya a bakin ƙofar nan ta ga shanu sun nutsa kai cikin ciyawar da ta tayar da hannunta daga jar ƙasa, to babu ofishin da ya isa ya riƙe ta. Da wannan yake kwana, da shi yake tashi.

Sati uku suka cika, ciyawa ta kai gwiwa. Kai, ciyawa ta yi kyau. Ganye zalla, mai laushi, mai duhun kore, in ka murza shi a hannu ruwa ya fito. Kowace safiya in ya gama duba kwamin ruwa sai ya gangara can, ya shiga ya tsaya a ciki raɓa na jiƙa masa wando, yana ayyana inda za ta tsaya da abin da za ta ce. Ya gyara ƙofar, ya sa wa ƙarfenta mai don kar ta yi ƙara. Har ciyayin bakin hanya ya nome.

Ran nan waya ta yi kuka. Auta ce. An ɗaga wani taro, sai ta ƙara sati guda. Ya ce ba komai, Allah ya kai mu. Sati guda ciyawa za ta iya jira.

Satin ya wuce, aka ce babban jami'insu ya yi tafiya, ita ke riƙe da ofis. Bayan nan kuma wani rahoto ne da babu mai iya rubutawa sai ita. Kullum muryarta a gajiye, kullum cikin sauri. Takan ce, "Baba, ya ɗakuna?" Ya ce, "Lafiya lau." Ta ce, "Ya shanu?" Ya ce, "Sun gode." Ba ta ambaci na takwas ba, shi ma bai ambata ba.

Ciyawa kuwa ba ruwanta da taron kowa. Ta wuce gwiwa ta kama cinya, ta wuce cinya ta kama ƙugu. Ganyen ƙasa ya fara rawaya don rana ba ta kai masa. Jikinta ya yi kara, sannan wata safiya ya tarar ta fara fid da kai. Duk faɗin yankin nan babu wanda ya fi shi sanin ma'anar wannan. Shi ne fa mai tare mutane a hanya yana gaya musu cewa hutun da ya wuce kima ɓarna ne, ciyawar da ta fid da kai ta gama amfani, abin da ke cikinta ya koma itace. Ya tsinko kai guda, ya jujjuya shi, ya jefar. Ya ce a ransa, ai ƙasan da saura.

Abin da ya fi muni yana can baya. Garke ya yi wa ɗakuna bakwai yawa. Kwana huɗu ya koma uku, uku ya koma biyu da rabi, ana zagayowa ɗaki tun bai farfaɗo ba. Ana shiga ciyawa tana ƙwauri, ana fita ƙasa na leƙowa. Kamar da gayya, ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu. Shanun suka koyi wata sabuwar ɗabi'a: duk ranar da suke ɗaki na bakwai sai su jeru a jikin waya, su miƙa wuya wajen na takwas, su yi ta kuka. Kukan har cikin gida.

Matarsa ta gaji da shiru. Ta same shi a tsakar gida yana ɗinke wata igiya, ta ce, "Baban Auta, kana jin dabbobin nan kuwa?"

"Ina da kunne."

"To ka buɗe musu mana. Abinci na tsaye suna kallo, kai kuma ka kulle kamar kayan gado."

"Na yi alkawari."

"Alkawarin sati uku ka yi. Yau sati nawa?"

Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ta ce, "In ba za ka buɗe ba, kira ta ka gaya mata. Ko ka ba ni wayar ni in gaya mata. Wallahi yarinyar nan ba ta san abin da kake yi ba."

Nan ya ɗago. Ya ce, "Kul. Ta san maganar da ta yi. In na tuna mata na zama mai roƙo. In kuma ta zo don na matsa mata, ai ba ita ta zo ba, ni na jawo ta."

Matar ta dube shi ta daɗe. Shekara arba'in suna tare, ta san inda taurin kansa yake ƙarewa da inda ciwo yake farawa. Ta ce, "Ni ma 'yata ce, ni ma ina kewarta. Amma ban hana kowa cin abinci ba." Ta shige ɗaki.

A sati na bakwai mahauci ya zo duba bijiman da zai ɗauka ƙarshen damina. Abokinsa ne tun suna yara, irin abokin da ba ya tauna magana. Ya zagaya garken, ya danna gadon bayan wannan, ya shafa haƙarƙarin wancan, ya taɓe baki.

"Mai Shinge, bana ƙashi kake kiwo?"

"Ruwa ne ya yi mana tsaiko."

"Ruwa? Ruwan bai tsaya a can ba?" Ya nuna gangare da haɓa. "Wancan dajin fa na waye? Ko zaki kake son sakawa a ciki?"

"Na Auta ne. Tana hanya."

"Tun yaushe take hanya?"

Mai Shinge ya juya wajen shanu. Mahauci ya buɗe baki zai ƙara wata, ya ga fuskar abokinsa, ya haɗiye. Sai ya ce, a hankali, "Abokina, kai ka koya mana abin nan. Ni da na yi maka dariya yanzu ɗakuna shida gare ni. Kar ka sa in zo ina koya maka."

Bayan tafiyarsa Mai Shinge ya gangara, ya kama ƙofar na takwas, har ya zare sakata. Shanu suka ji ƙarar suka ɗago kai gaba ɗaya. Ya tsaya riƙe da ita. Abin da ya faɗo masa shi ne, idan fa jibi ta iso? Ta sauko daga mota da murnarta ta tarar an riga an shiga, an tattake, saura kwana biyu kacal ya kasa jira? Ya mayar da sakata. Ya san ba daidai ya yi ba, ya san shanun yake zalunta, kuma ya ji kunyarsu har bai iya bi ta cikinsu ba, sai ya zagaya ta bayan shinge ya koma gida.

A sati na goma Auta ta zo. Bai ma san tana tafe ba, yana cika kwami ya hango ta a kan hanya ita da uwarta. Murna ta kama shi kamar yaro. Amma idon makiyayi ba ya barin lissafi, kafin ta ƙaraso ya riga ya auna jakar da ke kafaɗarta. 'Yar ƙarama ce, ba ta wuce kayan kwana biyu ba. Ya ce wa kansa wataƙila sauran na tafe a wata mota.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ya sa mata albarka, ko ruwa ba ta sha ba ta ce a je a ga shanu. Suka shiga ta ɗaki na ɗaya. Tana ta surutu, tana ba shi labarin hanya. A na biyu surutun ya ragu. A na uku ta tsuguna ta tona ƙasa da yatsa, ta ciro wata saiwa ta duba. Daga na huɗu har na bakwai ba ta ce uffan ba, ta dubi shanun da ƙugunsu ya fito, ta dubi ƙasa, ta dube shi. Shi kuwa yana gaba yana sauri, don duk wannan ba shi ne abin da yake so ta gani ba.

Suka iso na takwas. Ciyawa ta fi ta tsawo. Kawunanta sun bushe sun fara zubar da iri, kara ya yi fari, iska ta kwantar da wani sashe ya ruɓe a ƙasa.

Ta ce, "Baba! Mene ne wannan?"

Ya ce, "Ga shi nan. Ko ƙafa ɗaya ba ta shiga ba."

"Ba ta shiga ba? Ka bar bakwai sun mutu ga wannan a tsaye? Baba, kai fa! Kai da ka fi ni sanin abin nan! Wannan ai tun wata biyu baya ya kamata a cinye shi, a zagayo a sake cinyewa. Yanzu me za su ci a ciki? Sanda? Shekara uku ina wahala a kan wurin nan!" Ta wanke shi tas, kamar ba ubanta ba. "Me ya sa? Don Allah gaya mini, me ya sa?"

Ya ce, "Ke kika ce a jira ki."

"Ni? Yaushe?"

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya dube ta ya ga ba wasa take ba, ba kuma kare kai take ba. Ba ta tuna ba ne kawai. Maganar da ya yi sati goma yana ɗauke da ita, ita ko tashar ba ta fita da ita ba.

Ya ce, "A tasha. Ƙafarki ɗaya a mota. Kika ce kar a buɗe sai kin zo, kina so ki ga shigarsu da idonki."

Ta shiga nema a kanta. Can ta sa hannu ta rufe baki. Ta ce, "Wayyo Baba. Ai magana ce kawai. Murna ce ta sa na faɗa."

"To," ya ce. "Ga ki kin zo. Buɗe musu."

Ta zare sakata, ta yi kiran nan nata. Shanun suka taho da gudu suna turereniya, suka afka ciki. Ya tsaya yana kallo, har yanzu da ɗan sauran fata a ransa. Suka sunsuna. Wani ya fizgi kara ya tauna ya tofar. Suka kutsa suna neman ganye a ƙasa, suna karya abin da ke tsaye suna tattakewa. Ba a daɗe ba rabinsu suka dawo bakin waya, inda ɗan kore ya rage, suka tsaya suna kallon mutanen biyu. Auta ta jingina da dirka tana hawaye.

A nan bakin ƙofar ta gaya masa. Sun ba ta aikin dindindin, ta kuma karɓa, kusan wata biyu ke nan. Abin da ya sa take ta ɗaga zuwa ke nan, ta rasa bakin da za ta faɗa masa ta waya, ta kuma rasa ƙarfin zuwa ta faɗa ido da ido. Tana son aikin, in ji ta. Filaye ɗari take gyarawa yanzu, ba ɗaya ba. Za ta riƙa zuwa hutu. Jibi da safe za ta koma.

Ba haushinta ya ji ba, ko kaɗan. Kewarta ya ji, tana tsaye a gabansa, kewa irin wadda bai taɓa ji ba ko lokacin da take can. Ya ce, "Allah ya sa albarka a ciki." Ya ƙara cewa, "Allah ya sa albarka," don ba shi da wata maganar.

Ta share ido da bakin mayafi, ta koma ma'aikaciya sak. Ta ce wurin bai mutu ba, saiwa na nan da ƙarfinta. Amma dole a fitar da shanun, a sare komai har idon sawu, a kwashe, don rana ta kai ƙasa ya sake toho kafin ruwa ya ɗauke. Abin da aka sare a jiƙa shi da ruwan gishiri a riƙa ba su, ya ɗan rage wa bakwai ɗin nauyi. Ta ce, "Maƙwabcinmu na bakin hanya ai yana da injin yankan ciyawa. A aro shi gobe, kafin hantsi an gama. Ni kuma sai in samu in zaga gaishe-gaishe, in haɗa kayana."

Ya ce, "Injin ya lalace."

Ta dube shi. Ɗazun nan da ta sauko daga mota ta wuce mutumin yana aiki da shi a bakin gonarsa, har ya ɗaga mata hannu. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce, "To. Akwai lauje?"

"Akwai biyu."

Washegari da sassafe suka fara daga saman gangare, kafaɗa da kafaɗa, tana dama yana hagu. Kara ya yi tauri, sai an ja sau biyu. Hannunta ya manta aiki, kafin a jima ya yi bororo, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba. Shi kuwa in ya yi yanka goma sai ya miƙe ya ce lauje ya dakushe, ya ciro dutse ya zauna wasawa, ya karɓi nata ma ya wasa. Yana wasawa yana tambayarta. Ɗakin da take kwana yana da taga? Wa ke yi mata girki in ta yi dare a ofis? Mutanen can suna gaishe da mutum a hanya? Tana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ya riga ya tambaya. Matarsa ta kawo musu ruwa da abinci, ta dubi ɗan abin da suka sare, ta dubi mijinta, ta ajiye ta juya.

Da rana ta karkata Auta ta miƙe ta dafa ƙugu, ta dubi abin da ke gabansu. Ciyawa na nan tsaye har ƙasan gangare, abin da suka taɓa bai fi faɗin tsakar gida uku ba.

Ta ce, "Baba, a haka ko rabi ba za mu yi ba."

Ya ce, "Na sani."

Ta daɗe tana dubansa, shi kuma ya ƙi ɗagowa, yana ta goga laujen da ya riga ya yi kaifi. Sai ta tako ta zauna kusa da shi a kan tarin ciyawa, ta miƙa masa nata.

Ta ce, "Nawa ma ya dakushe."